ZANCEN ZANGO: Hoton Sallar Bana, Wa Zai Gan Shi Bayan Shekara 30?

Muna yi wa 'yan'uwa na Tamale da Yandi da Salaga, da na Kumasi da Ankara da sauran zangunan ƙasar nan barka da shan ruwa. Ga shi azumi ya yi nisa, teloli sun daina barci, kasuwar Aboabo ta cika ta batse, mata kuma sun fara cigiyar mai lalle. Allah ya nuna mana ranar Idi lafiya, amin.

A wannan wata mun yi niyyar tattaunawa ne a kan kuɗin makaranta, amma wani abu ya faru a unguwarmu wanda ya sa muka ajiye wancan zance sai wani jiƙon.

Kwanan baya Allah ya yi wa wani dattijo rasuwa a nan Hausa Zango, mutum ne da ya haura shekara 80, baduku, wanda mahaifinsa ya zo daga ƙasar Kano ta hanyar Salaga a zamanin fataucin goro. Iyalinsa suka so su buga 'yar kalanda mai hotonsa domin a raba wa dangi na nesa. Da yake mu ne malamin makaranta na kusa da gidan, sai babban ɗansa ya zo ya ce, "Malam, a taimaka a rubuta mana kalmomin da za a sa a ƙarƙashin hoton." Muka ce to, a kawo hoton mu gani.

Nan fa aka shiga nema. Jikokin marigayin sun fi 20, kusan kowane yana riƙe da waya, kowace waya kuma cike take da hotuna. Ɗaya ya ce ai ya ɗauki Kaka ranar Sallar waccan shekara, amma an zare masa wayar a cunkoson filin Idi. Wata ta ce tata wayar ta faɗa ruwa, mai gyara ya ce ba abin da za a iya cirowa. Na ukun ya samo hoto guda a WhatsApp, amma ya bi hannu da yawa har ya dushe, ba a bambanta ido da gira. Aka buɗe tsohuwar adakar uwargida inda ake ajiye hotunan dā, sai aka tarar gara ta riga kowa. A ƙarshe abin da aka samu shi ne hoton fasfo na aikin Hajji, wanda bai kai akwatin ashana girma ba. Mai bugawa ya faɗaɗa shi da kwamfuta, ya goge nan ya ƙara can, ya kawo. Uwargidan marigayi ta karɓa ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta miƙo mana ta ce, "Malam, wannan ba Alhaji ba ne."

Wannan magana ta tsaya mana a rai. Da muka koma aji sai muka tambayi yara ko wa yake da hoton kakansa a gida wanda zai iya riƙewa da hannu. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Muka ce to, wa ya ɗauki hoto a Sallar bara? Aji duka ya ɗaga hannu. Watau dai ba a taɓa yin zamanin da aka ɗauki hoto da yawa kamar namu ba, kuma ba a taɓa yin zamanin da hoto yake ɓacewa da sauri kamarsa ba.

SALLAR DA MUKA TASHI A CIKINTA

Waɗanda suka yi yarinta a Tamale a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 za su tuna yadda daren Sallah yake. Manya suna zaune gindin rediyo suna jiran labarin ganin wata, mu kuwa muna tsugune ƙofar shagon tela muna kallon ko ya kai kan rigarmu. Gari na wayewa a yi wanka, a sa sabon kaya, a bi bayan iyaye zuwa filin Idi. Wasu su nufi Polis Park, wanda aka sake wa suna Jubilee Park a 2007 da Ghana ta cika shekara 50 da samun mulkin kai, wasu kuma su nufi wajen Anbariya. Ana saukowa sai gari ya ɗauki kiɗa, makaɗan Dagwamba da kalangunansu suna bin masu sarauta suna yi musu kirari, masu goge na nasu gefe, mu kuma muna bin gida-gida muna barka da Sallah, ana ba mu 'yan kuɗi da masa da tuwon shinkafa. Maƙwabtanmu Dagwamba suna ce wa Ƙaramar Sallah Konyuri Chugu, Babbar kuma Chimsi, amma tukunya ɗaya muke ci.

Yaran yanzu ba su san cewa a wancan lokaci Sallah ba ta cikin ranakun hutu na gwamnati ba. Ma'aikaci sai ya nemi izini, ɗan makaranta kuwa sai dai ya yi fashi. A zamanin mulkin Rawlings, a tsakiyar shekarun 1990, aka mai da Sallah biyu ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya, sa'an nan a 2025 aka ƙara rana guda a kan hutun Ƙaramar Sallah. Wannan abu ne da iyayenmu suka daɗe suna roƙo kafin a samu.

A cikin wannan hidima duka akwai mutum ɗaya da kowa yake jira, shi ne mai hoto. Yakan zo a kan kekensa da kyamara rataye a wuya, fim ɗin cikinta kuwa hoto 36 kawai yake ɗauka, saboda haka ba ya ɓarna. Sai an tara gida duka, an shimfiɗa tabarma, an kawo kujerar maigida, an jera yara a gaba bisa ga tsawo, an tsawata wa mai dariya, kana ya danna sau ɗaya tak. In ka rufe ido, to, haka za ka zauna har abada. Daga nan sai jira. Mai hoton unguwarmu yakan ce ya aika fim Kumasi a wanke, mu yi ta zirga-zirga mako biyu ko uku muna tambaya. Ranar da hoto ya iso kuwa wata ƙaramar Sallah ce, ya bi hannun kowa a gidan, a kai wa maƙwabta su gani, sa'an nan a sa shi a albam ko a maƙale shi a jikin gilashin kabad.

Masu hali sukan tafi shagon hoto a tsaya gaban labule mai zane, wani da jirgin sama, wani da bene, wani da lambun furanni. A lokacin ba wanda ya ɗauki wannan a bakin wani abu. Amma ga Philip Kwame Apagya na garin Shama, wanda yake tsayar da mutane gaban zanen firji cike da abinci ko talabijin ko filin jirgin sama, hotunansa sun zaga manyan ɗakunan nuni na Turai da Amurka. Ga James Barnor wanda ya buɗe shagonsa Ever Young a Jamestown a 1953, kuma a wajen 1970 ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a ƙasar nan, yau duniya tana karanta tarihin Ghana a cikin hotunansa. A Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé ya yi ta ɗaukar samari da 'yan mata a wuraren biki, har a 2007 aka ba shi babbar lambar girma a birnin Venis na Italiya. Abin da ya sa aka san su shi ne sun adana fina-finansu a cikin kwalaye, da kwanan wata a jiki. Masu hoton Tamale ma sun yi aiki mai kyau, amma da waya ta zo, aka rufe shaguna ɗaya bayan ɗaya, har kamfanin Kodak kansa ya durƙushe a 2012. Ina kwalayensu suke yanzu? Wannan tambaya ce da ya kamata 'ya'yansu su amsa mana tun kafin gara ta amsa.

DON ME ABIN YA DAME MU

Wani zai ce, Malam, hoto ne fa kawai, ba salla ba ne ba azumi ba. Gaskiya ne. Mun kuma san akwai dattawanmu da malamanmu da ba su yarda a ɗauke su hoto ba sai don larura, kamar fasfo ko katin shaida, kuma wannan fili ba wurin fatawa ba ne. Wanda ya ce ba ya so, a girmama shi, kada a ɗauke shi a ɓoye. Maganarmu tana kan waɗanda suke ɗauka, su ne kuwa mafi yawa.

Maƙwabtanmu Dagwamba suna da makaɗan tarihi, waɗanda za su zauna dare guda suna jero sunayen sarakunan Yandi ɗaya bayan ɗaya ba tare da duba takarda ba. Kowace shekara a bikin Damba, cikin watan Rabi'ul Awwal, yaro Badagwambe yana jin sunan kakanninsa a bakin kalangu. Mu mutanen Zango fa? Kakanninmu baƙi ne da fatauci ko malanta ko aikin soja ya kawo su. Wasu sun taso daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwarta, wasu sun zo bayan Turawa sun mai da Tamale hedkwatar Arewa a 1907. Ba mu da makaɗin da zai riƙe mana salsalar kowane gida. Abin da muke da shi shi ne takarda, da bakin tsofaffi, da hoto.

Kuma mun ga ranar da waɗannan suka yi amfani. A ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Gidaje da yawa na Zango suka rabu biyu, wa ya tafi Nijeriya ko Nijar, ƙane ya zauna. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta koro 'yan Ghana wajen miliyan guda daga Nijeriya. Mun san wani gida a Sabonjida da ɗan'uwansu ya zo daga Sakkwato bayan shekaru masu yawa, ba wanda ya san fuskarsa, abin da ya fito da shi daga aljihu shi ne hoton wata Sallah, mahaifinsa da mahaifinsu suna tsaye da riga iri ɗaya. Aka shiga ɗaki aka ɗauko irinsa. Gani ya kori ji, nan take aka shimfiɗa masa tabarma. Har wa yau, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin rajista ana tambayarsa inda aka haifi kakansa, ya san darajar tsohuwar takarda da tsohon hoto mai kwanan wata.

Daɗin daɗawa, ba kowace Sallah ce take zuwa da kiɗa ba. Sallar 1994 ta same mu cikin dokar ta-ɓaci saboda rikicin da ya ɓarke a Arewa a watan Fabrairu na shekarar, aka yi ta cikin ɗar-ɗar. Ƙaramar Sallar 2020 kuwa a gida kowa ya yi sallarsa saboda annobar korona ta sa an hana taro. Yaron da aka haifa bayan haka ba zai yarda an taɓa yin Idi filin Jubilee yana fayau ba, sai an nuna masa.

KAYAN ARO

Sai kuma batun katin barka da Sallah. Dā akan sayi kati a kantin littattafai a rubuta da hannu a kai gidan waya. Yanzu kowane yaro mai waya ya zama mai zane, da Canva ko makamancinta cikin minti biyar ya haɗa kati ya watsa. Wannan ci gaba ne, muna kuma yaba wa samarinmu da suka mai da shi sana'a suna ci da kansu. Amma a duba katunan da suka shigo wayoyinmu a Sallar da ta wuce. Masallacin Dubai, fitilun Masar, raƙumi a cikin sahara, wani lokaci har da yara masu jan kunne da ba su yi kama da kowa a Lamashegu ba. In aka cire sunan mai aikowa, ba mai iya cewa daga Tamale katin ya fito ko daga Indunusiya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Bayan haka akwai kurakurai guda uku da muke gani kullum. Na farko, rubutun Larabci. Wasu manhajojin zane ba su san Larabci daga dama yake farawa ba, sai su wargaza haruffa su jera su daga hagu, kowane harafi a ware. Yaro bai lura ba ya aika wa mutum 200. Mun ga allon talla babba a bakin titi da irin wannan kuskure. Kafin a watsa, a nuna wa malamin allo na unguwa, ba zai ɗauki minti ɗaya ba.

Na biyu, haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon rubutun da ke cikin waɗannan manhajoji ba su da su, sai su fito kamar ɗan akwati, ko kuma mai zane ya gaji ya sa b da d da k. Ta haka ne wani kati ya zo mana yana cewa ana yi wa "bakinmu" barka da zuwa, alhali baƙi ake nufi. Maganin wannan mai sauƙi ne. A sa allon rubutu na Hausa a waya, Gboard yana da shi, sa'an nan a zaɓi salon rubutu da ya san haruffanmu, irin su Noto. Yaranmu suna karanta Turanci da Dagbani a makaranta, Hausa kuwa a baki kawai suke jinta. Katin Sallah na iya zama wuri ɗaya tilo da za su ga harshensu a rubuce a shekara, to, ya kamata su gan shi daidai.

Na uku, buga ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah a kan takardun da za a raba a titi. Washegarin Sallah sai ka gan su a kwata, ko an ƙunshe ƙosai a ciki. Barka da Sallah da addu'ar alheri sun wadatar.

Akwai kuma wata sabuwar ɗabi'a, ta goge fuska da waya har baƙi ya koma fari, tsoho ya koma saurayi, tsagen fuska ya ɓace. Abin da ya sa uwargidan marigayi ta ce ba Alhaji ba ne ke nan. Tsagen da ke kumatun kakarka shi ne takardar asalinta, yana faɗin garin da aka fito. In ka goge shi, me ka bar wa jikokinka?

ABIN DA MUKE DA SHI A GIDA

Wanda yake neman ado na kati ba sai ya je Dubai ba. Ga ratsin batakari, fari da baƙi da shuɗin baban Daboya, a shimfiɗa riga a ɗauki hotonta kusa-kusa, ta zama bango mai kyau da za a ɗora rubutu a kai. Ga aikin aska takwas da ke ƙirjin babbar rigar maigida. Ga jar fata da koren zane na dukawan Zango, waɗanda baƙi suke tasowa daga Turai su saya. Ga zayyanar allon sauka, ga zanen lalle a hannun ƙanwarka, ga faifai da ƙwaryar fura. Wanda yake son masallaci, ga Babban Masallacin Tamale, ga na Larabanga kusa da Damongo da ginin ƙasarsa da sandunansa, wanda ba shi da na biyu a ƙasar Larabawa. In ɗan'uwanka da ke Jamus ko Amurka ya buɗe kati ya ga waɗannan, zai ji ƙanshin gida.

Game da ɗaukar hoton kansa, ga 'yan shawarwari da muka koya wajen tsofaffin masu sana'ar.

1. A goge gilashin kyamarar waya da ƙyalle mai laushi kafin a ɗauka. Ƙura da maiƙon hannu su ne rabin abin da ke sa hoto ya yi hazo. Wannan zai ƙara muhimmanci nan gaba, domin Sallah tana ja baya da kwana 11 kowace shekara, tana kewayowa cikin shekara 33. Ta 2025 ta zo ƙarshen Maris cikin zafi, kusan daidai da ta 1992, kuma zuwa 2030 za ta faɗo farkon Fabrairu cikin ƙurar hunturu, kamar yadda muka yi ta a ƙarshen shekarun 1990.

2. Kada a tsayar da mutane cikin tsakar rana bayan saukowa daga Idi. Ido zai ƙanƙance, hula ta yi wa fuska inuwa, farar shadda kuma ta ƙone hoton. A shiga inuwar dalbejiya ko bakin zaure, ko a bari sai bayan la'asar. Mai ɗauka ya ba haske baya.

3. A ɗauki hoto ɗaya na gida duka, a kwantar da wayar a kwance, tsofaffi a zaune a tsakiya. A sa har da 'yan aiki da almajiran gidan da maƙwabcin da ya shigo gaisuwa. A bar ƙofar gida ko bangon zaure ya fito, domin gidajen ƙasa suna ƙarewa, kuma wanda ya ga yadda tsakiyar gari ta sāke bayan an buɗe gadar sama a 2022 ya san Tamale ba ta jiran kowa.

4. Kada a tsaya ga masu kwalliya kaɗai. A ɗauki tela a kan kekensa daren Sallah, da inna a bakin murhu, da mai fiɗar rago ranar layya, da yara suna ƙirga kuɗin barka. Bayan shekara 30 waɗannan ne za a fi kallo.

5. A nemi izini, musamman wajen mata da 'yan mata, kafin a ɗauka da kuma kafin a watsa. Mun san auren da ya kusa mutuwa saboda hoton da wani ya sa a Facebook ba da sanin mai shi ba. Abin da ya shiga intanet ba ya dawowa.

YADDA ZA A ADANA

Waya ba adaka ba ce. Tana faɗuwa, tana ɓata, ana sace ta. Abin da aka ɗora a kan sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya shuɗe. Hoton da aka aika ta hanyar da aka saba kuma, manhajar tana matse shi ta rage masa ƙarfi domin ya yi saurin tafiya, shi ya sa in aka zo bugawa sai ya farfashe. Wanda yake son hoto ya isa da ƙarfinsa, ya aika shi a matsayin takarda, watau dokumen. Masu dogara da ajiyar Google su sani tun 1 ga Yuni 2021 aka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, gigabait 15 ne rabon kowa, in ya cika ajiya ta tsaya. Kuma in mai waya ya rasu ba wanda ya san lambar sirrinsa, to, an binne shi da hotunansa.

Saboda haka shawararmu ita ce, kowane gida ya zaɓi hoto biyar kacal daga Sallar bana ya kai a wanke a takarda. Kuɗinsu bai kai na yadi ɗaya na shadda ba. A juya bayan kowane a rubuta da fensir, ba da biro ba domin tawada tana cin takarda, sunan kowa daga dama zuwa hagu, da unguwa, da shekarar Hijira da ta boko. A sa a albam, a ajiye a sama nesa da bango da laimar damina, a riƙa dubawa saboda gara. Kada a kai tsohon hoto a manne shi da roba mai zafi, domin in ya lalace a ciki ba ya ɓantaruwa. Sauran hotunan a kwafe su a katin ajiya ko kwamfuta, a kuma aika wa wani ɗan'uwa a wani gari ya riƙe.

Ga kuma aikin da muke so mu ba 'yan makaranta a hutun Sallah. Kowa ya je wajen tsohuwar gidansu ya roƙe ta ta buɗe adaka. A fito da hotunan dā bakin ƙofa inda haske yake, a kashe fitilar waya, a ɗauki kowane gaba da baya. Sa'an nan a kunna rikoda a ce, "Kaka, wane ne wannan? Ina aka ɗauka? Daga ina ya zo?" A bar ta ta yi magana da Hausarta, kada a katse ta. Wanda bai yarda a ɗauki fuskarsa ba ma sau da yawa yakan yarda a ɗauki muryarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta aika mutane, cikinsu har da Alhaji Usmanu Boyo, suka bi zanguna da garuruwan Arewa suna aron littattafan malamai na Larabci da ajami, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. A cikin abin da aka tara akwai rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934. Tsohon garin Karaci yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun bayan gina madatsar Akosombo, amma abin da aka kwafa yana nan ana karantawa. A nan Tamale ma an ɗauki hoton tsofaffin takardun ofishin adana tarihi na gwamnati da taimakon Laburaren Birtaniya. In an yi wa takardun Turawan mulki haka, hotunan iyayenmu ba su fi ƙarfinmu ba.

Muna kira ga Sarkin Zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata, a ware rana ɗaya bayan Sallah, a buɗe aji ɗaya a makarantar Islamiyya, kowa ya kawo tsohon hotonsa, samari masu waya mai kyau su ɗauka, a rubuta bayani, a mayar wa mai shi a take ba tare da ya kwana ba. In abin ya yi kyau, a baje su a nuna wa jama'a lokacin Mauludi. Mu a namu ɓangare mun ɗauki alkawarin kawo littafin rajista da fensir da 'yan ajinmu.

A ƙarshe muna tunatar da iyaye da samari cewa kada a ci bashi domin kayan da za a yi hoto da su, kada a ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Rigar bara in an wanke an goge ta isa. Jikanka ba zai tambayi kuɗin shaddar ba, fuskarka zai nema. Iyalin dattijon nan namu dai sun haƙura sun buga kalandarsu da sunansa kawai da addu'a, ba hoto. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu iyaye da suka riga mu.

Wanda yake da tsohon hoton Sallah na Tamale, ko ya san inda kwalayen wani tsohon mai hoto suke, ya aiko mana da saƙo ta hannun edita. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan batun kuɗin makaranta. Wassalam.